Sabulun Ruwa, Soda, Feshi ko Kananzir: Wanne Ya Dace da Maiƙon da Ke Gabanka?

Kafin a tsaya gaban kwalaben wanke maiƙo ana ruwan ido, gara a fara duba maiƙon kansa, domin ba iri ɗaya ba ne. Akwai sabon mai, wanda ya rage a faranti ko ya fantsama kan murhu yau ɗin nan, idan ka shafa da yatsa zai biyo ka. Akwai tsoho, wanda ya sha wuta ya sha iska wata da watanni, ya yi duhu ya yi danƙo a gindin kasko, a bangon bayan murhu da cikin oben. Wannan ya riga ya tashi daga mai. Zafi da iska sun sa ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna sun ƙame, shi ya sa sabulu yake bi ta kansa ya wuce. Sai na uku, baƙin mai da giris na inji, na janareta ko keke ko mota, wanda daga ɗanyen man fetur ya fito, ba daga tsiro ko kitsen dabba ba. Abin da ke narkar da ɗaya ba lalle ne ya taɓa ɗayan ba.

A 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya tsara wata ƙa'ida da ake koya wa masu sana'ar wanki har yau. Ya ce abu huɗu ne ke fitar da datti: ƙarfin sinadari, zafin ruwa, tsawon jiƙo, da dirza. Idan ka rage ɗaya sai ka ƙara wani, aikin ya fita daidai. A cikin huɗun nan, ƙarfin sinadari ne yake iya cin fata ya ci ido, shi kuwa jiƙo ba ya cin komai sai haƙuri. Don haka a wurina zaɓi mai kyau shi ne mafi sauƙin abin da zai iya aikin idan aka ba shi ruwan zafi da lokaci, ba wanda ya fi kowa ƙarfi ba.

Akwai ma'aunin da zai taimaka wajen jera su, ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Ƙasa da haka asid ne, sama da haka dangin soda ne, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, ba ƙarin ɗaya ba. Sabulun wanke-wanke na ruwa yana wajen 7 zuwa 8, bekin soda ta ɗan haura 8, sodar wanki tana wajen 11, kostik soda kuwa 13 zuwa 14. Tsakanin 11 da 14 ke nan ninki dubu ne, ko da yake duka biyun farar soda ce a ido.

Sabulun ruwa shi ne na farko, kuma ana raina shi fiye da kima. Kowace ƙwayarsa tana da ɓangare biyu, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana kama ruwa, sai ya yayyanka man ƙanana ya riƙe shi cikin ruwa har a ɗauraye. Inda ake cewa ya gaza, sau da yawa ba a ba shi dama ba ne: an wanke da ruwan sanyi kitse yana daskare, ko an zuba an goge nan take. A fara kwashe man da takarda ko tsohon tsumma, a zuba ruwan zafi da sabulu, a bar shi minti goma zuwa sha biyar. Babbar falalarsa ita ce kusan ba abin da yake ɓatawa. Alminiyom, kaskon da abinci ba ya kamawa, dutsen mabul, katako mai fenti, gilashi, duk yana bi lafiya. Ko ɗigon mai a riga, ɗan ɗigo ɗaya nasa a murza kafin wanki yana fitar da shi. Aibinsa bai wuce busar da hannu ba, sai kuma tsohon danƙo da ba ya jin maganarsa. Omo ya ɗan fi shi kaifi, domin yawanci akwai sodar wanki a cikinsa. Yana da kyau wajen jiƙo, amma ya fi cin hannu, kuma yana son ɗauraya sosai idan abin cin abinci ne.

Bekin soda ba ta da wani ƙarfi a matsayin sinadari. Amfaninta yana cikin ɗan kaushinta: a kwaɓa ta da ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, a shafa a bari, sannan a dirje. Shi kuwa khal, ruwan tsamin nan da ake kira binega, ba na maiƙo ba ne, na farin dattin da ruwa ke bari a famfo da buta ne, kuma yana cin mabul ya bar masa tabo mara ƙyalli da ba ya gogewa. Haɗa su biyun da ake yawan nunawa a bidiyo, kumfar tana burge ido, amma asid da soda kashe juna suke yi. Abin da ke saura bayan kumfar ta kwanta ruwa ne da wani ɗan gishiri.

Sodar wanki, wadda masu haɗa sabulu suka sani da soda ash, ita ce a ganina ta fi cancantar a ajiye domin tsohon maiƙo. Babban cokali biyu zuwa uku a lita ɗaya ta ruwan zafi ya isa. A nutsa ƙarafan murhu ko tiren oben a ciki, a tafi wata hidimar. Bayan awa ɗaya za ka tarar ruwan ya rine ya yi jawur, danƙon da jiya wuƙa ba ta kankare shi ba ya yi laushi yana saɓulewa falle-falle, soso kawai yake jira. Wanda ya yi kauri sosai a bar shi ya kwana. Ba ta da wari, ba ta kama wuta, ba ta tashi ta cika ɗaki. Amma ba abin wasa ba ce: a sa safar hannu, kuma a kiyayi garinta kada ya tashi ya shiga ido ko hanci. Tana dusar da fenti da man ƙyallin katako. Babban abokin gabarta alminiyom ne, tana mai da shi toka-toka ko baƙi-baƙi, kuma ba ya komawa yadda yake cikin sauƙi. Ragar da ke cikin na'urar zuƙe hayaƙin girki da yawa alminiyom ce, don haka a duba kafin a tsoma. Idan ita ce, a tsaya ga sabulun ruwa da ruwan zafi, a maimaita.

Kostik soda kuwa wani aji ne daban. Ita ce ke cikin yawancin masu wanke oben masu ƙarfi da masu buɗe bututun da ya toshe. Ba ɗaga maiƙo take yi ba, mai da shi sabulu take yi, kamar dai yadda ake yi a masana'anta, kuma tana kwance har wanda ya ƙone ya ƙame. Wajen aiki babu mai kama ƙafarta. Matsalar ita ce ba ta bambance kitsen kasko da na jikin mutum. Idan ruwanta ya taɓa yatsa, abin da za ka fara ji santsi ne, ba zafi ba, sai ka ɗauka kumfa ce. Wannan santsin fatarka ce ta fara narkewa, raɗaɗin yana iya biyowa daga baya, bayan ta riga ta shiga. A ido abin ya fi muni. Asid yana ƙona saman ido ya daskarar da shi, wannan daskarewar ta ɗan tare masa hanya, ita kuwa kostik narkar da naman take yi tana ƙara nutsawa, cikin 'yan mintuna ta kai ciki. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ce kawai. Duk wanda zai taɓa ta ya sa tabarau mai rufe gefe da gefe, ba na karatu ba, da doguwar safar roba mai kauri, da riga mai dogon hannu.

Mai narkar da garinta da kansa yana da ƙarin abin lura. Tana fitar da zafi mai yawa idan ta haɗu da ruwa, don haka sodar ake zubawa kaɗan-kaɗan cikin ruwan sanyi ana juyawa, ba a zuba ruwa a kanta, in ba haka ba ta tafasa ta yi tsartuwa a fuska. Kada a haɗa ta a mazubin alminiyom. Tana cinye shi, tana kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Sai batun yara, wanda shi ne ya sa nake ganin gidan da ke da masu rarrafe bai kamata ya ajiye garinta ba sam. A bushe tana kama da sukari ko gishiri, a narke kuma ba ta da maraba da ruwan sha. Kurɓa ɗaya tana ƙona maƙoshi, idan ya warke sai tabon ya tsuke hanyar abinci, yaro ya yi shekaru ana kai shi asibiti ana buɗa masa. Irin waɗannan yaran ne suka sa wani likitan maƙogwaro a Amurka, Chevalier Jackson, ya dage har aka yi dokar 1927 da ta wajabta rubuta gargaɗin guba a jikin irin waɗannan kayan. Dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa ta biyo baya a can a 1970. Duk wannan kariya tana tashi a banza ranar da aka juye abin cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo.

To yaushe ta dace? Cikin oben da ya shekara ba a taɓa ba, ƙarafan gashi, da tukwanen ƙarfen da ba ya tsatsa, bayan sodar wanki ta gwada ta kasa. Ko a nan ma, gara a sayi wanda aka riga aka haɗa mai kauri, wanda ake shafawa da burushi ya tsaya inda aka sa shi, a kan na gwangwanin feshi da ke watsuwa cikin iska. A kauce wa ƙarfen da ke yin ja idan an kunna oben, da robar bakin ƙofa. Oben mai wanke kansa da zafi, wanda ke kaiwa kusan digiri 500, ba a sa masa ita ko kaɗan. Haka kuma kaskon baƙin ƙarfe: wannan baƙin santsin da ke cikinsa shi ma ƙamammen mai ne, amma da gangan aka gina shi domin hana kamu da tsatsa. Kostik za ta kwashe shi tas, sai an sake gini daga farko.

Kwalaben feshi na kicin suna tsakiya. Yawanci haɗin sabulu ne da ɗan soda da wani mai narkar da mai, sau da yawa butoksi-etanol, wanda yake ratsa fata ya shiga jini, don haka safar hannu ba ado ba ce. Sun fi dacewa da inda ba a iya jiƙawa: bango, tayil, ƙofofin kabad, saman murhu. Aibinsu yana cikin feshin kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda ya bi mutane kusan 3,500 a ƙasashen Turai 10, ya gano cewa masu amfani da feshin share-share aƙalla sau ɗaya a mako sun fi saura fama da alamun asma. Maganin abin mai sauƙi ne: a fesa a jikin tsumma a kusa, sannan a shafa, ko a murɗa bakin kwalbar ya riƙa fitar da kumfa maimakon hazo. A buɗe taga. Kada a fesa kan murhu mai zafi, domin zafin zai tayar da shi kai tsaye zuwa hanci, balle kuma kusa da wuta tana ci. Kuma a ba shi minti biyar ɗin da aka rubuta a jikinsa, yawancin mutane ba sa jira, sai su ƙara feshi a maimakon haka.

Masu ƙamshin lemo, waɗanda ke ɗauke da limonin da ake tatsa daga ɓawon lemo, suna da kyau ƙwarai a kan gam ɗin sitika, kwalta da giris. Sai dai kalmar "na halitta" da ake rubutawa a jikinsu tana sa a saki jiki. Limonin tsantsa yana kama wuta daga wajen digiri 50, yana tausasa wasu robobi, kuma idan ya daɗe ya sha iska yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Amoniya kuwa tana yanke maiƙo a gilashi ba ta barin zane, amma warinta yana shaƙe mutum yana sa hawaye, kuma abin da take yi sabulu da ruwan zafi suna yin kusan irinsa. Mai asma ya bar ta.

Baƙin mai da giris su ne inda soda ba ta da ta cewa sosai, domin man da ya fito daga ƙasa ba ya zama sabulu. A nan ne hannu yake kai wa fetur, kuma a nan ne ya kamata a ce a'a ba tare da wani sharaɗi ba. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi yana malala, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa ya je ya sami wutar murhu ko tartsatsin makunnin lantarki a wani ɗakin, wutar ta biyo shi baya har wurin mai wankin. Ga kuma wani sinadari mai suna benzin a cikinsa, wanda hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar, musamman kansar jini. Kananzir ya fi shi dama-dama, sai ya kai wajen digiri 38 ko sama kafin tururinsa ya kama. Domin sarƙar keke ko wani ƙarfen inji ana iya amfani da shi a waje, cikin tiren ƙarfe, nesa da wuta, da safar naitiril domin ta roba ta yau da kullum kumbura take yi ta yage. Ba ya zuwa kusa da kayan girki. Tsumman da ya sha shi a shanya a waje ya bushe, kada a dunƙule a kusurwa, kada kuma a jefa a injin wanki. Gwangwanin wanke birki na masu gyaran mota, irin mai kulorin, idan ragowarsa ta haɗu da wutar walda tana zama fosjin, iskar gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sau da yawa ma ba a bukatar ko ɗaya cikinsu. Hannun da ya yi baƙi da man inji, a murza masa ɗan man girki, mai yana narkar da mai, sannan a bi da sabulu. Wanda ya zube a siminti, a rufe shi da yashi ko garin katako ya tsotse, a share, sannan a dirje da ruwan sodar wanki mai zafi da ɗan sabulu.

Bilic ba ya cikin wannan jerin, amma dole a ambace shi, domin shi ne ake yawan ƙarawa "don abin ya ƙara ƙarfi". Ba ya wanke maiƙo, ƙwayoyin cuta yake kashewa, kuma ko wannan ba ya yi da kyau a kan wuri mai maiƙo. Idan ya haɗu da amoniya sai ya ba da iskar kuloramin mai guba. Idan ya haɗu da asid, khal ne ko ruwan wanke masai, sai iskar kulorin, ita ma guba ce. Da sifirit kuma kulorofom, wanda shaƙarsa ke sumar da mutum. Ba sai an zuba su a bokiti ɗaya ba. A Nuwamban 2019, a wani gidan abinci a jihar Masacusets ta Amurka, an wanke daɓen kicin da ruwa mai bilic alhali wani mai asid ya riga ya zube a wurin. Manajan da ya yi ƙoƙarin kore ruwan waje ya rasu, aka kai wasu da dama asibiti. A watanni ukun farko na 2020, lokacin da tsoron korona ya sa kowa wanke-wanke, cibiyoyin kula da guba a Amurka sun karɓi kira 45,550 kan kayan share-share da kashe ƙwayoyin cuta, ƙarin kashi 20 cikin 100 a kan na 2019. Tsarin shi ne a wanke maiƙo, a ɗauraye da ruwa sosai, sannan in ana so a bi da bilic shi kaɗai.

Wanda ba ya jin harshen da aka yi rubutu da shi a jikin kwalba yana iya karanta hoton. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomi na bai ɗaya, baƙin hoto cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwa. Inda ka ga ruwa yana ɗiga yana cin hannu da ƙarfe, ajin kostik ne, tabarau wajibi. Harshen wuta a bayyane yake. Mutum mai tauraro a ƙirji yana nufin illa ga huhu ko wata cuta mai daɗewa, shi ake sa wa dangin kananzir. Alamar motsin rai ita ce mafi sauƙi, ƙaiƙayin fata ko ido. Idan kwalabe biyu suna alkawarin aiki iri ɗaya, hoton ya isa ya raba gardama.

In tsautsayi ya faɗa, ruwa ne magani na farko, mai yawa, nan take. Fata a bar ta ƙarƙashin famfo aƙalla minti 20, a cire rigar da ta jiƙe da zobe da agogo. Ido a buɗe shi da yatsu ko yana ƙi, a yi ta kwarara masa ruwa, idan kostik ce rabin awa ko fiye, sannan asibiti ko da zafin ya lafa. Kada a ce za a kashe soda da khal ko ruwan lemon tsami a jikin mutum, ƙarin ƙuna ne da ɓata lokaci. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa mai ko madara. Kostik za ta sake ƙona hanyar da ta bi idan ta dawo, kananzir kuma a wajen amai ne yake zamewa cikin huhu, inda ɗan kaɗan ya isa ya jawo ciwo mai tsanani. A kurkure baki, a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Duk waɗannan, in ban da kostik, ba sa hallaka maiƙo, wuri kawai suke sauya masa. Ruwan zafin da ya tafi da shi yana hucewa cikin bututu, kitsen ya sake daskarewa a can inda hannu ba ya kaiwa. A 2017 an tarar da wani curin kitse da tsummokara a magudanar ƙarƙashin unguwar Whitechapel ta Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa kusan tan 130. Don haka ragowar man suya a bar shi ya huce, a juye a gwangwani a kai shara. Idan kuma bututu ya riga ya toshe gaba ɗaya, zuba masa kostik ba lalle ta buɗe shi ba, sai ta taru ta tsaya a ciki da ƙarfinta. In har an riga an zuba, a gaya wa mai gyaran famfo kafin ya sa hannu ya kwance bututun.